Darasi na 7: Babur Mai Caji, Kuɗin Saye da Kuɗin Riƙo

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, babur mai caji ya fara shigowa ƙauyukanmu. Ba ya shan fetur, ba a yi masa juyen baƙin mai, ba shi da fulogi. Sai dai idan ka shiga shago a Kano za ka tarar da guda biyu kamar tagwaye, amma kuɗin ɗaya ya ɗara na ɗaya nesa ba kusa ba. Kada fenti ya ruɗe ka. Ka ce a nuna maka batir.

Batir iri biyu ne. Akwai na dalma, ɗan'uwan batirin mota, mai nauyi da araha. Yakan gaji bayan caji 300 zuwa 500, wato shekara ɗaya ko ɗaya da rabi ga mai hawa kullum. Akwai kuma na litiyam, mai tsada, marar nauyi. Irin wanda aka rubuta LiFePO4 a jikinsa yakan kai caji 2,000, har ya wuce.

Mu yi lissafi da misali. A ce mai batirin dalma naira 600,000 ne, mai litiyam kuma naira 900,000. Cikin shekara 5, mai batirin dalma ya ci sabon batir sau 3, kowanne naira 150,000. Ka ga ya tashi a naira 1,050,000, alhali na biyun bai nemi canji ba tukuna.

Wanda ƙarfinsa bai kai ba, ba laifi ya sayi na dalma. Amma ya riƙa ware kuɗin batir tun daga ranar farko, kamar zubin adashi, kuma kada ya bar shi ya kwana babu caji, don hakan ne ke saurin kashe shi. Zafi ma abokin gaba ne. A bazara, lokacin da zafin Haɗeja ke wuce digiri 40, a yi caji a inuwa.

Nisan tafiyar da mai shago zai faɗa maka, a kan kwalta aka gwada shi da mutum ɗaya. Kai kuwa buhun gero za ka ɗaura, ka bi yashi zuwa kasuwar Gujungu ko Maigatari. Sai ka rage wani abu a maganarsa.

Kafin ka biya, ka tambayi bakaniken garinku ko ya iya gyaransa, da inda ake samun taya da birki da caja. Garanti kuma a rubuta maka a rasit, na baki ba ya canja batir.

Aikin gida
1. A misalin nan, nawa aka kashe wa batirin dalma cikin shekara 5?
2. A ina za ka riƙa caji a garinku, wutar KEDCO ko sola? Nawa ake biya?