Yadda Ake Shirya Zaman Wayar da Kai ga Masu Ciwon Dajin Fankiriyas da Iyalansu

Kuskuren da na fi gani wurin sababbin ma'aikatan jinya shi ne tara duk masu ciwon dajin fankiriyas (sashen cikin mutum da ke samar da ruwan narkar da abinci) a ɗaki guda, alhali ciwon ba a mataki ɗaya yake a jikinsu ba. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ake gano nasa tun ana iya yi masa tiyata. Saboda haka, kafin a kira kowa, a duba fayil ɗinsa, a raba su gida biyu: masu jiran aikin Whipple (tiyatar cire kan fankiriyas da wasu sassan da ke kusa da shi) ko waɗanda aka yi wa, da kuma waɗanda ciwon ya riga ya bazu. Na taɓa yin sakaci da wannan. Wani da aka yi wa aiki yana ba da labarin sauƙin da ya samu, sai wata baiwar Allah ta ɗaga hannu ta ce, "Sista, maigidana fa, yaushe za a yi masa?" Ciwon mijinta ya riga ya kai hanta. Bai kamata ta ji amsar a gaban jama'a ba, kuma tun ranar ban sake haɗa su ba.

Kada a wuce iyali shida, kada kuma zaman ya wuce awa ɗaya, domin masu wannan ciwo suna saurin galabaita. Ba sai an kashe kuɗi a kan majigi ba. Zanen ciki a takarda ya isa a nuna inda fankiriyas yake a bayan tumbi, da yadda kumburin dajin ke toshe hanyar ɗaci har idanu su yi shawara.

Daga nan a zo kan ƙwayoyin narkar da abinci irin su Creon. A ɗora ɗaya a tafin hannu kowa ya gani, a bayyana cewa da lomar farko ake haɗiye ta, ba a taunawa. Ma'aikaciya ce za ta fara ambaton bayan gida mai maiƙo da ke tasowa saman ruwa, tunda kunya kan hana majinyaci faɗa, ga shi kuwa alama ce cewa abinci ba ya narkewa.

A ware minti 15 ga iyali su kaɗai. Kowa ya tafi da takarda mai lambar wayar sashen da alamun da ba a kwana da su a gida: zazzaɓin da ya kai digiri 38 lokacin maganin kemo (maganin kashe ƙwayoyin daji), kumburin ƙafa ɗaya, ko amai da ya ƙi tsayawa.