Kurakuran da Aka Fi Yi wa Dawaki a Makarantun Koyon Hawa da Yadda Ake Gyara Su

Dokin da mutum ɗaya ke hawa kullum ya san hannun mahayinsa, ya san nauyinsa da yadda yake zama a kan sirdi. Dokin makaranta bai samu wannan gata ba, domin a yini guda mutum uku ko huɗu na iya hawansa, wani ya ja linzami da ƙarfi saboda tsoro, wani ya yi ta dukan cikinsa da diddige, wani kuma ya karkata gefe ɗaya tun daga farkon darasi har ƙarshensa. Ga shi kuma dokin da ake ware wa sababbin mahaya shi ne mafi haƙuri a barga, wato wanda ba ya saurin nuna abin da ke damunsa. Yawancin kurakuran da ake yi a makarantun hawa daga nan suke tsirowa: ana tsara komai bisa bukatar ɗalibai, doki kuma ya yi shiru, sai a ɗauki shirun nasa a matsayin lafiya.

Kuskure mafi girma shi ne fassara ciwo da taurin kai. Doki ya kwantar da kunnuwa baya lokacin da ake ɗaura masa majayi, ko ya riƙa kaɗa wutsiya da ƙarfi ana tsakiyar darasi, ko ya buɗe baki yana gujewa linzami, ko ya ƙi shiga sukuwa ta ɓangare ɗaya, sai malami ya ce ai halinsa ke nan, a ƙara masa bulala. Doki dabba ce da namun daji ke farauta tun asali, saboda haka ɗabi'arsa ce ya ɓoye rauni, kuma kafin ɗingishi ya fito fili har kowa ya gani, sau da yawa ciwon ya daɗe a jikinsa. Likitar dawaki 'yar Birtaniya, Sue Dyson, tare da abokan aikinta sun fitar da jerin alamu 24 da doki ke nunawa idan ana hawansa yana cikin ciwo, aka wallafa shi a 2018, inda suka nuna cewa dokin da ya nuna takwas daga cikinsu ko fiye da haka, akwai alama mai ƙarfi cewa yana fama da ciwo a ƙashi, gaɓa ko tsoka. Cikin alamun akwai kwantar da kunnuwa na tsawon lokaci, da karkatar da kai, da yawan tuntuɓe, da tutsu. Gyaran wannan kuskure yana farawa ne daga sauya tambayar da ake yi: maimakon a tambayi me ya sa doki yake taurin kai, a tambayi ko wani wuri ne ke masa ciwo. Duk dokin da halinsa ya sauya, musamman wanda aka sani da sanyin hali, a sauke mahayi, a cire sirdi, a shafa bayansa da hannu a ga ko zai noƙe, a ja shi a kan ƙasa mai tauri a duba tafiyarsa, sannan a kira likitan dabbobi kafin a yi maganar horo. A ganina, malamin da ba ya iya dakatar da darasi saboda doki, bai kamata a bar masa ragamar ɗalibai ba, domin abin da yara suka ga yana yi shi za su ɗauka a matsayin hawa.

Na biyu shi ne sirdi ɗaya ga dawaki da yawa. Bayan doki yana sauya siffa da shekaru, da ƙiba ko rama, da yawan aiki, don haka sirdin da ya zauna daidai bara yana iya matse shi bana. Idan aka ga fararen gashi sun fito a wurin da sirdi ke zama, ko kumburi, ko wani busasshen wuri a tsakiyar gumi bayan an sauke sirdin, to akwai inda yake danna nama fiye da kima. Abin da aka saba yi shi ne a ƙara shimfiɗa a ƙarƙashinsa, alhali idan sirdin matsattse ne, ƙarin shimfiɗar ƙara matsi kawai yake yi. Kowane doki ya samu sirdinsa da sunansa a jiki, wanda ya san aikin ya duba zamansa aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma a riƙa ɗaure majayi a hankali, mataki-mataki, maimakon a fizge shi lokaci guda. Hawa daga kan dakali ko wani tudu shi ma yana rage murɗa bayan doki, abin da ke da muhimmanci ga dabbar da ake hawa ana sauka sau da yawa a yini.

Maganar nauyin mahayi kuwa tana da nauyin faɗa, shi ya sa makarantu da dama ke kauce mata. Ƙa'idar da aka fi ambata ita ce kada nauyin mahayi tare da sirdi ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin doki, wato kilo 100 ga dokin da ya kai kilo 500, wasu masana ma suna ganin a tsaya ƙasa da haka. Sabon mahayi da bai iya daidaita zamansa ba ya fi gwani mai nauyi iri ɗaya wahalar ɗauka. Hanya mafi sauƙi ita ce makaranta ta rubuta iyakar kowane doki, ta ajiye ma'auni, ta auna kowa da kowa a keɓe, ta yadda babu wanda zai ji an ware shi.

Akwai kuma ba wa wanda bai iya zama ba linzami tun ranar farko. Bakin doki wuri ne mai saurin jin ciwo, kuma ɗalibin da ya ji zai faɗi babu abin da zai riƙe sai linzamin. Gara malami ya riƙe dokin da doguwar igiya yana zagayawa da shi, ɗalibi ya riƙe maɗaurin da aka sa a wuyan doki, har sai zamansa ya kafu. Maɗaurin hanci da ake tamkewa don doki ya daina buɗe baki yana rufe alamar ne kawai. Ƙa'ida ita ce yatsu biyu su shiga tsakaninsa da ƙashin hanci. Kaimi kuwa ba kayan ɗan koyo ba ne.

Wajen ciyarwa, kuskuren ya samo asali ne daga kwatanta cikin doki da na mutum. Tumbin doki ƙarami ne, bai wuce lita 8 zuwa 15 ba, yana fitar da ruwa mai tsami dare da rana ko da abinci ko babu, kuma idan yana sake, doki yakan shafe wajen awa 16 yana kiwo kaɗan-kaɗan. Idan aka ba shi hatsi mai yawa da safe, aka bar shi yini guda yana darasi ba ciyawa, tsamin nan yana cin bangon tumbi ya jawo gyambon ciki, kuma tun da doki ba ya iya amai, murɗar ciki tana iya kashe shi. Ciyawa ce tushen abincinsa, aƙalla kashi 1.5 cikin 100 na nauyin jikinsa a busasshiya kowace rana, kuma kada ya wuce awa huɗu ko biyar ba ya tauna komai. A ba shi 'yar ciyawa kafin darasi da tsakanin darussa, duk wani sauyin abinci kuma a yi shi a hankali cikin mako ɗaya zuwa biyu. Babban doki yana shan lita 25 zuwa 45 na ruwa a yini, fiye da haka idan da zafi. Tsohuwar maganar cewa zuba wa doki mai gumi ruwan sanyi yana cutar da shi ba ta da tushe, binciken da aka yi gabanin gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 ya nuna cewa yawan kwarara masa ruwan sanyi shi ne hanya mafi sauri ta sauke zafin jikinsa.

Sai batun hutu, wanda ake yawan ɗauka cewa tsayuwa a barga ko a turke shi ne shi. Doki yana iya gyangyaɗi a tsaye, amma barci mai zurfi ba ya samuwa sai ya kwanta, don haka yana bukatar wuri mai faɗi, busasshe, mai shimfiɗa. Yana kuma bukatar a sake shi tare da 'yan'uwansa, domin dabbar garke ce. Dokin da ke cizon katako yana haɗiyar iska, ko yana rangaji daga ƙafa zuwa ƙafa a bakin ƙofa, yawanci kaɗaici da ƙarancin ciyawa ne suka kai shi ga haka, kuma ɗaure masa wuya ba ya kawar da dalilin. Barinsa da sirdi a ɗaure cikin rana yana jiran ɗalibi na gaba shi ma aiki ne, a lissafa shi cikin awannin aikinsa, a sassauta majayi, a kai shi inuwa. Ya kamata kowace makaranta ta ajiye littafin da ke nuna awannin da kowane doki ya yi, domin in ba haka ba, doki mafi daɗin hawa shi ne zai fi kowa shan wahala ba tare da wani ya lura ba.

Kofato ana gyara shi duk bayan mako shida zuwa takwas, haƙora kuma a duba su aƙalla sau ɗaya a shekara, saboda kaifin da suke yi yana yanka kumatu. Kada a gaggauta sa dukushi aikin makaranta, domin ƙasusuwan bayansa ba sa gama ƙosawa sai wajen shekara biyar zuwa shida. Dokar makarantun hawa ta Birtaniya ta 1970 ma ta hana ba da hayar doki ɗan shekara uku ko ƙasa da haka, da goɗiya mai tsohon ciki, da wadda ba ta cika wata uku da haihuwa ba. Ya kamata duk mai aiki a barga ya san cewa zafin jikin lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5, bugun zuciyarsa kuma 28 zuwa 44 a minti idan yana hutawa, sannan a rubuta na kowane doki a ƙofar ɗakinsa tun yana lafiya, domin ranar da ya ƙi cin abinci a samu abin da za a gwada da shi kafin likita ya iso.