Digiri na biyu don lasisin koyar da ilimin zamantakewa: inda malamai ke yin tuntuɓe

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne malami ya ɗauka cewa digiri da lasisin koyarwa abu ɗaya ne. Jami'a ke ba da digiri, hukumar ilimi ke ba da lasisi, kuma ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba. A Ingila, alal misali, PGCE takardar jami'a ce ta koyon aikin malanta bayan digirin farko, QTS kuwa shi ne matsayin ƙwararren malami a idon gwamnati, kuma akwai kwasa-kwasan PGCE da ake gamawa ba tare da QTS ba. Wanda bai tambaya ba sai ya sha wahalar shekara guda, ya fito da takarda mai kyan gani amma ba ta buɗe ƙofar da yake nema. Kafin ka biya ko sisi, rubuta wa hukumar da ke ba da lasisin, ka faɗi sunan jami'ar da na kwas ɗin, ka nemi amsa a rubuce. Maganar jami'in ɗaukar ɗalibai ba hujja ba ce, shi hajarsa yake talla.

Daga nan sai zaɓen fanni. Malamai da dama suna rugawa digirin tafiyar da makaranta, wai don yana da sauƙi, ko don idonsu na kan kujerar shugaba. Babu laifi a burin, sai dai lasisin da kake nema na koyar da darasi ne. A jihar New York ta Amurka, ɗaya daga cikin hanyoyin da digiri na biyu ke karɓuwa shi ne ya ƙunshi kiredit 12 (ma'aunin nauyin kwasa-kwasai) a fannin da malami ke koyarwa ko makamancinsa. In digirinka bai taɓo tarihi ko labarin ƙasa ba, kana iya komawa aji don cike giɓi, da kuɗi na daban.

Wanda ya fi damuna shi ne na uku, domin ɗalibai ne ke biyan bashinsa. Ilimin zamantakewa darasi ne mai rassa: tarihi, labarin ƙasa, tattalin arziki, tsarin gwamnati. Kowannenmu yana da wanda yake so da wanda yake gudu. Na taɓa zama a bayan ajin wani abokin aiki, gwanin tarihi, wanda kan kwashe awa guda yana bayanin Daular Usmaniyya ba tare da duba takarda ba. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, me ya hana gwamnati ta buga kuɗi da yawa ta raba wa kowa?" Sai ya hau in-ina, ya ce a bari sai wani darasin. Alhali amsar jimla biyu ce: in kuɗi suka ƙaru kaya ba su ƙaru ba, farashi ke tashi, kuɗin su rage daraja. Da ya tafi digiri na biyu kuma, duk kwasa-kwasan zaɓi ya cika su da tarihi. Ɗauko takardar sakamakonka ta digirin farko, ka ga inda ta fi rauni, ka zuba kwasa-kwasan zaɓinka a can, ko da makinka zai ɗan sauka.

Sai lokaci. A New York lasisin farko shekara 5 yake yi, kuma na ƙwararru yana bukatar digiri na biyu, da koyarwar shekara 3, da zama ƙarƙashin kulawar gogaggen malami. Shekara 5 kamar da nisa, amma mai koyarwa da rana yana gyaran takardun jarrabawa da dare da kyar yake ɗaukar kwas biyu a zango. Wanda ya jira sai shekara ta huɗu ya makara. Fara a ta biyu, bayan ka san kan aji.

Kundin bincike kuma, kada ka je nesa. Matsalar da kake gani kullum a ajinka, kamar yadda yara ke kasa bambanta ra'ayin marubuci da hujjar tarihi, ta isa batu, kuma bayanan suna gabanka.

Takardu su ne abin da kowa ke rainawa. Shekarun koyarwa sai an tabbatar da su a rubuce. Shugaban makaranta kan sauya, ofis kan ɓatar da fayil, don haka ka karɓi shaidar aikinka a ƙarshen kowace shekara, da kwanan wata da sa hannu. Bayan lasisin ma ba a gama ba: malaman makarantun gwamnati a New York suna cika awa 100 na horo a kowace shekara 5, kuma takardar halartar kowane taron bita da hukuma ta amince da shi ita ake ƙirgawa. Ɗauki hotonta da waya tun kafin ka bar zauren.