Saita Rauta da Adaftar Wayar Intanet Don Kiran Gida

Da na zo hutun Sallah ƙauyenmu da ke tsakanin Gumel da Maigatari, wasu ƙannena biyu da suka samu gurbin karatu a Ingila suka same ni a zaure bayan isha'i. Sun yi tambaya kan sanyi, sun yi kan kuɗin haya. Ni kuwa abin da na fi jan su a kai shi ne yadda za su riƙa jin muryar iyayensu. Na yi musu alkawarin rubutawa, to ga shi, har da duk wanda bai daɗe da sauka baƙuwar ƙasa ba.

Za ka ce ai akwai WhatsApp. Haka ne, amma Inna ƙaramar waya ce da ita mai tocila, ba ruwanta da data, kuma ba ta son sai an nemo jikanta mai babbar waya kafin ta gaisa da ɗanta. Kiran layinta kai tsaye da wayar hannu kuwa yana cin kuɗi. Shi ya sa na yi rajista da kamfanin wayar intanet, na sayi ɗan akwatin nan da ake kira adafta, wato ATA, irin Grandstream HT801. A rami ɗaya ka soka wayar tebur, a ɗayan ka ja kebul zuwa rautar gida, wato akwatin da ke raba intanet, ka sa shi a ramin LAN, ba WAN ba. A Ingila kan igiyar wayar tebur bai dace da ramin adafta ba, don haka nemi ɗan mahaɗin RJ11.

Don shiga saitin rauta, buɗe burauza ka rubuta 192.168.1.1 ko 192.168.0.1. Adireshin da kalmar sirri galibi suna manne a jikin rautar.

Abu na farko da za ka nema shi ne SIP ALG, ka kashe shi. A nan na sha wahala. Sai da na yi makonni Inna tana ji na, ni ba na jin ta. Wani lokacin kiran ya katse kafin mu gama gaisuwa. Har ta aiko a tambaye ni ko wani abu ta yi mini. Wallahi abin ya taɓa ni. Ga dalilin: hanya biyu kiran intanet yake bi. Saƙon da ke buga waya, wato SIP, ta ƙofa (port) mai lamba 5060 yake fita, murya kuma ta wasu ƙofofi daban. Shi ALG an sa shi ne ya gyara adireshin da ke cikin saƙon, amma sau da yawa ɓata shi yake yi, sai muryar ta rasa hanyar dawowa. Kana kashe shi, zare wutar rauta da adafta, ka mayar da ta rauta tukuna. Wasu rautocin da kamfanin intanet ke bayarwa ba sa nuna wannan saiti. In haka ne, tambayi kamfanin wayarka ko suna karɓar TLS, wato hanyar kulle saƙo, ta ƙofa 5061, domin saƙon da aka kulle rauta ba ta iya karanta shi balle ta taɓa.

Sannan ka ba adaftar adireshi tsayayye a sashen DHCP na rauta, inda take raba wa na'urori adireshi. In ba ka san adireshinta ba, a Grandstream ɗaga kan waya ka danna tauraro sau uku (***) sannan 02, za ta karanto maka. A cikin saitin adaftar kunna NAT Keep Alive, don kiran da ke shigowa ya same ka.

Wani zai ce ka buɗe ƙofa 5060 a rauta. Don Allah kar ka yi, sai in kamfaninka ne ya nema. Akwai masu laluben intanet dare da rana suna neman irin wannan kafa. Alamarsu ita ce wayarka ta yi ta ruri tsakar dare da lamba irin 100 ko 1000, ka ɗauka shiru. In suka samu shiga, da kuɗinka za su kira ƙasashen duniya. Canza kalmar sirrin adafta tun ranar farko.

In gidan haya kuke da yawa, kunna QoS a rauta, saitin da ke ba wata na'ura fifiko a intanet, ka fifita adaftar. Kira ɗaya bai kai kilobit 100 a daƙiƙa ba, amma abokin zama yana ɗora bidiyo sai murya ta fara tsinkewa.

Wajen bugawa, danna 00 234 ka yar da sifilin farko na lambar. Daga Amurka ko Kanada 011 234 ne. Ka sani kuma wayar nan ba ta aiki in wuta ko intanet ta ɗauke, don haka kiran gaggawa na 999 da wayar hannu za ka yi shi.

Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, Najeriya tana gaban Ingila da awa ɗaya, sauran watanni agogonmu ɗaya. Kada ka nemi Baba ranar Alhamis, yana kasuwar Maigatari. Ni Juma'a bayan la'asar na tsayar wa Inna, tun safe take aika yaro ya karɓo mata wayar daga wurin mai caji.