Yadda na kwantar wa sabon zomona hankali a Agege

Zomon da na sayo ya shafe kwana 2 a maƙale a kusurwar keji, yana buga ƙafar baya a ƙasa duk lokacin da maƙwabcinmu ya tayar da janareta. Na mayar da kejin ɗakin baya mai iska, domin zafin Legas yana wahalar da zomo ƙwarai, sannan na sa masa kwali mai ƙofa biyu da zai ɓuya a ciki. Na hana yara ɗaukarsa, tunda a daji shaho ne yake sure zomo sama, kuma wannan tsoron yana jininsa. Da asuba da magariba, lokacin da zomo ya fi walwala, nakan zauna shiru a tabarma da ganyen karas a hannu. A rana ta 5 ya matso, ya shinshina yatsuna, ya ci.