Yadda za ki riƙa tura dambun nama da acca daga Jos zuwa Abuja ba tare da kin cinye uwar kuɗi ba

'Yar uwa in dai kina Jos kuma Allah ya ba ki hannun girki, to ki sani akwai mutanenmu birjik a Abuja da ke kewar abincin gida, ma'aikata ne, masu bautar ƙasa ne, amaren da aka kai Kubwa da Gwarinpa da Lugbe ne, kuma a shirye suke su biya in suka samu wadda za su yarda da tsaftarta. Ni da wannan sana'ar nake rufa wa kaina asiri, kuma kullum sai an tambaye ni ta ina ake farawa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda nake yi.

Ki fara da tunanin hanya tun kafin ki ɗora tukunya. Mota za ta tashi daga Jos cikin sanyinmu, ta gangara ta Akwanga da Keffi, awa huɗu ko biyar in hanya ta yi kyau, sannan ga cunkoson Mararaba da Nyanya, kayanki na cikin but rana na dukansu, kuma zafin Abuja kin san ba irin namu ba ne. Don haka gwate da masa da kunun gyaɗa ki bar su wa kwastomomin cikin gari. Har sitiroberin da ake nomawa wajen Vom, wanda 'yan Abuja ke mutuwar so lokacin hunturu, ban ba ki shawarar ki fara da shi ba, abu ne mai laushi, in aka ɗora masa jaka ɗaya shikenan ya zama ruwa. Ki ɗauki abu busasshe guda ɗaya ko biyu ki ƙware a kansu. Ni dambun nama da wankakkiyar acca na riƙe, sai yaji daga baya.

Dambu tun daga wajen mahauci ake gyara shi. Ki je da sassafe, ki ce naman cinya kike so, marar kitse marar jijiya, kuma ki riƙe mahauci ɗaya har ya san ki, don ranar da nama ya yi wuya shi zai ajiye miki. Ki dafa da albasa da citta da tafarnuwa da kanumfari da masoro da gishiri, ruwa daidai wanda zai tsotse a jikin naman, kar ki yi romon da za ki zubar don daɗin duk a ciki yake. Ki daka a turmi tun da zafinsa, in ya huce wahala za ki sha. Wajen suya ne mutane ke faɗuwa. Wuta kaɗan, man gyaɗa kaɗan, juyawa ba tsayawa, har sai kin ji ya yi sakwat a ludayi yana ƙara kamar yashi a kasko, tururi ya daina tashi. Ki baza a faranti mai faɗi ki rufa da kyalle mai tsafta ya huce sarai, sarai fa nake cewa, ki tura yatsa tsakiya ki ji ba ɗumi ko kaɗan. Na taɓa yin gaggawa don kar motar safe ta wuce ni, na zuba da ɗuminsa na rufe robobi, murfin ya yi gumi daga ciki, bayan kwana biyar wata baiwar Allah ta turo min hoton funfuna a saman dambun da ta saya wa mahaifiyarta. Na mayar mata da kuɗinta na ba ta haƙuri, amma wallahi har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, don abin da mutum zai sa a cikinsa amana ce.

Acca kuma matsalarta ɗaya ce, yashi. Ƙwayarta ƙanana ce sosai har ta kusa girman yashin, shi ya sa matan Abuja da yawa ke son cin ta, musamman masu neman canji daga shinkafa, amma ba su da lokacin rege ta. To wannan regewar ita kike sayarwa. Ƙwarya biyu da ruwa, ki riƙa tuttulawa a hankali daga wannan zuwa waccan yashin na kwanciya a ƙasa, ki maimaita har sai kin ɗiba kin tauna ba ki ji ƙas a haƙori ba. Sannan ki shanya a kan zani mai tsafta sama da ƙasa, inda kaji da ƙura ba za su kai ba. Da hunturu yini ɗaya ta bushe, amma Yuli da Agusta kin san ruwan Jos baya ɗaga ƙafa, in ba ki da tabbacin ta bushe ƙarau gara ki ce wa kwastoma babu a wannan satin.

Yanzu lissafi, kuma don Allah nan ki nutsu, don yawancinmu ba rashin kasuwa ke karya mu ba, ciniki ake yi kullum amma kuɗin ba a ganinsu. Ki sayi ƙaramin sikeli da littafi. Ki auna naman ɗanye, ki auna dambun bayan ya huce, za ki sha mamaki, sau da yawa baya kai rabin abin da kika saya. Ki rubuta komai, nama, mai, kayan ƙamshi, gas ko gawayi, kuɗin keke zuwa kasuwa da dawowa, keke zuwa tasha, roba, sitika, salatif, kwali, datar da kika ƙona wajen amsa saƙo, ladan yarinyar da ta taya ki daka. Sannan ki sa kuɗin aikinki ke ma, yinin da kika yi a gaban wuta ba kyauta ba ne. Misali a ce duka sun tashi 30,000 kuma kin samu roba 12, kin ga kowace roba ta ci 2,500 tun kafin a yi maganar riba, in kika sayar 2,500 don wai wata a Instagram haka take sayarwa to aikin banza kika yi, ba ki san irin naman da take sa wa ba, ba ki san nauyin robarta ba. Kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashi baya zama wuri ɗaya, don haka kar ki buga kuɗi a jikin sitika, kuma duk zuwa kasuwa ki sake lissafin daga farko.

Kuɗi kafin wuta, wannan dokata ce. Oda ba ta zama oda sai an biya. Ki buɗe asusu daban na sana'a, ko OPay ko Moniepoint ko bankin da kika saba, kar ya haɗu da kuɗin cefane. In aka turo miki hoton rasit ki yi godiya amma ki shiga manhajar da kanki ki ga kuɗin sun zauna, alat na bogi ya yi yawa. 'Yan uwa su ne masu wuya, Anti za ta kira ta ce aiko min roba uku wata ya yi zan turo, ke kuma kunya ta hana ki magana. Abin da nake cewa shi ne, Anti ki yi haƙuri kuɗin naman na mahauci ne ba nawa ba, amma ga ƙaramar roba ɗaya na sa miki ki ɗanɗana. Kin yi zumunci, jarinki kuma yana nan.

Aike kuwa ki tsayar da rana ɗaya a sati, kar ki zama kullum kina hanyar tasha da roba biyu. Ni ina rufe karɓar oda ran Talata, in yi aiki Laraba, Alhamis in shirya, Juma'a motar farko ta tafi da su. Kowace oda da ledarta da sunan mai ita, duka a kwali ɗaya mai ƙarfi, a naɗe da salatif, a rubuta lambar mai karɓa manya-manya a gefe biyu. Ki tsaya a sa kayan a gabanki, ki roƙi direba kar ya ajiye kusa da jarkar fetur ko buhun albasa, acca na ɗaukar wari nan da nan. Ki karɓi lambarsa, ki ɗauki hoton lambar motar, ki tambaye shi takamaimai inda zai sauke, Jabi ne ko Utako ko tun Nyanya zai juye, don wannan bambancin kuɗi ne a wajen mai mashin ɗin da zai rarraba. Mafi sauƙi ki samu mutum ɗaya amintacce a can da zai karɓi kwalin, ki riƙa ba shi wani abu. Kuɗin kai wa gida kuma ki faɗa wa kwastoma tun farko daban yake.

Abin da ya ɗaga min kasuwa ban ma zata ba, haɗa kai ne da masu sana'ar hannu na unguwarmu. Telar da ke min ɗinki kullum tana share ƙyallayen atamfa tana zubarwa, na ce ta ɗinka min ƙananan jakunkuna masu zariya, ina biyanta kowace ɗaya, acca ta shiga leda ledar ta shiga jaka. Wani yaro mai zane a waya ya yi min tambari, na biya shi kuɗinsa cif ban ce masa ai talla zan yi maka ba, don shi ma sana'arsa ce. Da na ɗora robar dambu a kan faifai kusa da taga da hasken safe na ɗauka, ba fitila ba komai, na sa a WhatsApp, a satin aka fara tambayata ko ina yin na rabon biki. Ki goge kyamarar wayarki kafin ki ɗauka, maiƙon kicin na dusashe hoto.

A sitika ki sa sunan sana'a, lambar waya, ranar da aka yi, da abin da ke ciki, musamman gyaɗa don akwai waɗanda ba ta karɓe su ba. In abu ya fara tafiya ki yi rajistar sunan a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sunayen sana'o'i, ta intanet ake yi, da shi za ki buɗe asusu da sunan sana'ar. Ranar da kika fara tunanin kai kaya manyan kantuna kuma to sai da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ki fara shirinta da wuri.

Ki kuma lura da Babbar Sallah, satin nan kowa na da nama a gida, odar dambu daga Abuja na yin ƙasa. Ni a lokacin aikin hannu nake karɓa, maƙwabta su kawo naman layyarsu in auna a gabansu in rubuta, in mayar musu da shi dambu su biya ladan aiki da na mai. Kwali kuma sai sati biyu bayan Sallah nake komawa tasha da shi.