Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe a aikin gidan aljabara da jiyometiri

Yawancin jan biron da ake gani a littafin lissafin ɗan sakandare daga wurare kaɗan yake fitowa, kuma kusan duka yaro zai iya kama su da kansa idan ya saba gwada amsarsa da lamba kafin ya rufe littafi.

Na farko ya samo asali ne daga yadda ake koyarwa. Ana ce wa yara idan lamba ta tsallaka alamar daidai sai ta canza alama. A 3x + 5 = 20 wannan yana aiki, a samu 3x = 15. Daga nan sai yaro ya sake tsallakar da 3, ya rubuta x = 15 − 3, ya ce 12. Ya bi abin da aka gaya masa ne, shi ya sa nake ganin gara a daina wannan haddar. A nuna masa lissafin kamar sikeli ne: abin da ka yi wa hagu, ka yi wa dama. Uku tana ninka x ne, don haka a raba ɓangarorin biyu da 3, x ta zama 5. Mayar da ita ka gani: 15 da 5, 20 cif.

Sai alamar ɗebewa a gaban baka. A 10 − (x − 4) ɗalibai da yawa kan rubuta 10 − x − 4, alhali ɗebewar ta shafi duk abin da ke cikin bakan, wato 10 − x + 4. Sa 6 a madadin x: asalin tambayar ta ba da 8, ta kuskuren ta ba da sifili.

Wanda ya fi damuna shi ne (a + b)² = a² + b², domin har 'yan aji shida da ke shirin WAEC da NECO na yin sa. Idan a = 2, b = 3, hagu 25 ne, dama 13. Ina 12 ta shiga? Zana murabba'i mai gefe 5, ka raba kowane gefe gida 2 da 3. Za ka ga murabba'i mai 4, wani mai 9, da wasu gidaje biyu kowanne 6. Su ne 2ab ɗin da ake mantawa. Yaron da ya zana wannan da hannunsa da wuya ya sake yin wannan kuskuren.

Haka nan (2x + 6)/2 amsarsa x + 3 ce, domin 2 tana raba 6 ɗin ma. Kuma a x² = 5x, wanda ya raba da x ya zubar da amsa guda, wato sifili.

A jiyometiri babbar matsalar ita ce yarda da ido. Kusurwa ta yi kama da digiri 90 a zane, sai yaro ya ɗauka hakan ne, ya jawo ƙa'idar Fitagoras, wadda ake nemo tsawon gefe da ita a alwatika mai kusurwar 90. Idan tambaya ba ta faɗa ba, babu kuma alamar ƙaramin akwati a kusurwar, kada ka ɗauka. Ko inda ƙa'idar ta dace, a kula da gefen da ke fuskantar kusurwar 90, shi ne mafi tsawo. Tsani mai mita 13 an jingina shi da bango, ƙafarsa mita 5 daga gindin bangon: 13² wato 169, a ɗebe 5² wato 25, saura 144, wato 12², tsayin mita 12. Wanda ya tara zai samu kusan mita 14, wato wurin da tsanin ya taɓa ya fi tsanin kansa tsawo, abin da ba zai yiwu ba.

A da'ira kuwa, karanta da kyau ko radiyos aka ba ka (daga tsakiya zuwa baki) ko dayamita (daga baki zuwa baki ta tsakiya). Dayamita santimita 14 na nufin radiyos 7, faɗin fili 154 idan an yi amfani da 22/7. Mai sa 14 zai samu 616, ninki huɗu. Kada a manta da rubuta cm².

Ɗalibi, rubuta kowane mataki a layinsa, ka sa dalili a gefen kowace kusurwa da ka samo, misali kusurwoyin alwatika 180 suke haɗuwa. Masu duba takardar WAEC suna ba da maki a kan hanyar da aka bi, ko da amsar ƙarshe ta kauce.